Robert Schumann: Ɗan Mai Kantin Littattafai Da Ya Sa Wa Waƙoƙin Jamusawa Murya

Akwai wata tambaya da takan taso jefi-jefi idan marubuta waƙoƙi suka haɗu, wato idan mutum ya rubuta waƙa, wani kuma ya ɗauka ya sa mata karin murya da kiɗa, to waƙar ta wa ce? A wurinmu tambayar ba ta cika zafi ba, domin galibi wanda ya tsara baitoci shi ke rera abinsa, ko kuwa ya ari wani kari da kowa ya sani ya ɗora su a kai. A ƙasar Jamus ta ƙarni na 19 kuwa aikin a rabe yake. Sha'iri zai rubuta waƙarsa ya buga a diwani don a karanta da ido. Daga baya wani mai tsara kiɗa, wanda wataƙila ko saninsa sha'irin bai yi ba, zai buɗe diwanin ya zaɓi wadda ta kwanta masa, ya rubuta mata karin da murya ɗaya za ta bi, da kuma abin da fiyano zai riƙa kaɗawa a ƙarƙashinta. Irin wannan waƙa ita Jamusawa ke kira Lied. A cikin waɗanda suka yi fice a wannan sana'a mun zaɓi Robert Schumann, kuma dalilinmu shi ne ya fi sauran kusa da mu marubuta. Makarancin littattafai ne tun kafin ya zama makaɗi, kuma har ya mutu da idon makaranci yake tsara kiɗa.

An haife shi ranar 8 ga watan Yuni, 1810, a garin Zwickau na yankin Saxony, shi ne kuma auta a gidansu. Mahaifinsa August Schumann mai sayar da littattafai ne, yana buga su, yana kuma rubutawa. Ya yi suna wajen fitar da manyan littattafan adabi a ƙananan bugu masu shiga aljihu, ya kuma fassara wasu ayyukan Walter Scott da Byron daga Ingilishi zuwa Jamusanci. A cikin wannan kanti yaron ya tashi. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi wurin wani mai kaɗa ogan ɗin coci da ake kira Kuntsch don ya koyi fiyano, amma malamin ƙaramin gari ne, abin da ke hannunsa bai da yawa. Karatun littattafai kuwa ba shi da iyaka, tunda rumbun yana gida. A 1825 Robert ya kafa ƙungiyar adabi tare da abokansa 'yan makaranta, suna haɗuwa suna karanta wasannin kwaikwayon Schiller da sauransu, shi kansa yana rubuta waƙoƙi yana gwada ƙagaggun labarai. Da za a tambayi mutanen Zwickau a lokacin me yaron nan zai zama, da yawansu marubuci za su ce.

Marubucin da ya fi kama zuciyarsa shi ne Jean Paul, wanda ya mutu a 1825. Labaran Jean Paul ba sa tafiya a miƙe. Yakan ɗauko zance ya yanke shi a tsakiya, ya shiga wani, ya saka barkwanci a inda ake kuka, sa'an nan ya komo inda ya tsaya bayan mai karatu ya fid da rai. Daga baya Schumann ya rubuta wa wani abokin wasiƙarsa cewa abin da ya koya na saƙa muryoyin kiɗa daga wurin Jean Paul ya fi wanda ya koya daga malaminsa na kiɗa. Wasu na ɗaukar maganar a matsayin zuguguwar masoyi, mu kuwa muna ganin gaskiya ya faɗa, don duk wanda ya saurari kiɗe-kiɗensa na farko zai ji wannan yanke-yanke da tsalle-tsalle. A cikin littafin Jean Paul mai suna Flegeljahre akwai tagwaye, Walt da Vult, ɗaya mai sanyin hali mai yawan mafarki, ɗaya mai zafi. Kiɗan fiyano na Schumann da ake kira Papillons, na 1831, daga rawar da aka yi da fuskoki a rufe a ƙarshen wannan littafi ya samo shi. Kuma daga tagwayen nan ya ƙago wasu mutum biyu, Eusebius mai sanyi da Florestan mai zafi, waɗanda ya riƙa sa sunayensu a ƙasan rubuce-rubucensa da kiɗe-kiɗensa na shekaru.

Mahaifin ya mutu a 1826, kuma da mutuwarsa aka rasa mai goyon bayan kiɗa a gidan. Uwar da waliyyinsa suka ce sai karatun lauya, don shi ne mai abinci. A 1828 ya shiga Jami'ar Leipzig. Kafin ya fara karatu ya yi wata tafiya zuwa kudu, ya biya ta Bayreuth ya ziyarci kabarin Jean Paul, ya wuce Munich inda ya gana da Heinrich Heine, wanda diwaninsa Buch der Lieder ya fito a 1827 yana tashe. Yini guda suka yi tare, ba su ƙara haɗuwa ba har abada, amma shekara goma sha biyu bayan haka wannan diwani zai ba Schumann mafi shaharar waƙoƙinsa.

Karatun lauyan dai bai shiga ba. Ya koma Heidelberg a 1829, nan ma abin da ya fi ƙaruwa da shi daga babban malamin shari'a Thibaut shi ne zaman rera tsofaffin waƙoƙin coci na Italiya da malamin ke shiryawa a gidansa. A 1830 ya je Frankfurt ya ga Paganini, gwanin gogen Turawa da ake cewa babu kamarsa, sai hankalinsa ya tashi. Ya rubuta wa uwarsa cewa rayuwarsa duka kokawa ce ta shekara ashirin tsakanin waƙa da zube, wato tsakanin kiɗa da shari'a. A lura da kalmomin da ya zaɓa: ko da zai roƙi a bar shi ya zama makaɗi, da harshen marubuta ya yi roƙon. Uwar ta nemi shawarar Friedrich Wieck, wani sanannen malamin fiyano a Leipzig, shi kuwa ya ce idan yaron zai yi biyayya, cikin shekara uku zai mai da shi ɗaya daga cikin manyan makaɗa. Schumann ya tare a gidan Wieck. A gidan akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, Clara, wadda uban ya hora tun tana ƙarama har ta fara kaɗa fiyano a gaban jama'a.

Alkawarin shekara ukun bai cika ba. Zuwa 1832 yatsan tsakiya na hannunsa na dama ya samu lahani, ya daina yi masa biyayya, maganar zama gwanin kaɗawa ta mutu ke nan. Abin da ya rage masa shi ne tsara kiɗa da kuma alƙalami. A 1834 ya kafa mujallar Neue Zeitschrift für Musik tare da wasu abokai, ya riƙe ta a matsayin edita har 1844. Sharhin kiɗa da ya riƙa yi a ciki bai yi kama da na kowa ba. Maimakon ya zauna kamar alƙali ya yanke hukunci, sai ya shirya hira: Florestan ya shigo da gudu yana kuranta sabon aiki ko yana ragargazarsa, Eusebius ya amsa a hankali, wani dattijo Raro ya raba gardama. Ya ma ƙago musu ƙungiya, Davidsbund, wato rundunar Dauda mai yaƙar Filistiyawa, su ne masu kiɗan burga marar ma'ana da suka cika dandali a lokacin. Tun a 1831 ya riga ya rubuta sharhin da ya jawo hankalin Jamusawa ga Chopin.

Ta fannin kiɗa zalla, mutum uku suka gina shi. Bach ne na farko, wanda ya riƙa bitar littafinsa na fiyano kamar yadda ɗalibi ke bitar nahawu. Na biyu Beethoven, kuma a nan akwai wani abin sha'awa. A 1816 Beethoven ya tsara wani jerin waƙoƙi mai suna An die ferne Geliebte, ma'ana zuwa ga masoyiya ta nesa. Lokacin da Wieck ya gane soyayya ta ƙullu tsakanin 'yarsa da Schumann ya raba su, ya hana ko wasiƙa, sai Schumann ya ɗauko wani ɗan kari daga wannan jeri ya binne shi a ƙarshen kashi na farko na babban kiɗansa na fiyano, Fantasie. Babu kalma ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya san waƙar Beethoven ya san abin da ake faɗa da wadda ake faɗa wa. Na uku shi ne Franz Schubert na birnin Biyana, wanda ya tsara waƙoƙi sama da 600 kafin ya mutu a 1828 yana da shekara 31. Schubert ne ya fid da fiyano daga matsayin ɗan rakiya. A waƙarsa ta Gretchen, wadda ya ɗauko daga Faust na Goethe a 1814, fiyano ne ke kwaikwayon jujjuyawar keken kaɗi, yana tsayawa cak a daidai inda yarinyar ta tuna da masoyinta. Schumann yana ƙaunar Schubert ƙwarai. Da ya je Biyana a ƙarshen 1838 ya nemi ɗan'uwan mamacin, Ferdinand, kuma a cikin tarin takardun da ya bari ya tono babban simfoni ɗin nan da ba a taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba, ya aika Leipzig, Mendelssohn ya jagoranci kaɗa shi a watan Maris na 1839.

Duk da wannan ƙauna, ayyukansa 23 na farko da aka buga dukkansu na fiyano ne, babu waƙar rerawa ko ɗaya. Har a 1839 ya rubuta wa wani abokinsa cewa shi bai taɓa ɗaukar waƙar rerawa a matsayin babbar fasaha ba, yana ganin tana ƙasa da kiɗan da babu kalmomi. Ba a yi shekara da wannan magana ba sai ga shi ya tsara waƙoƙi sama da 130 a cikin 1840 kaɗai, shekarar da masana tarihin kiɗa ke kira shekarar waƙa.

Dalilai sun haɗu. Tun 1839 shi da Clara suka kai ƙarar Wieck kotu don a ba su izinin aure. Uban ya zube zarge-zarge, ya ce Schumann mashayi ne, ba shi da abin riƙe mace. Dole ya nuna wa kotu shi mutum ne mai sana'a, waƙoƙin rerawa kuwa sun fi kiɗan fiyano mai wuya kasuwa, don kowane gida mai fiyano na iya saye. Wannan dalili ne na aljihu, kuma babu abin kunya a cikinsa. Ban da shi akwai na zuciya, ga kuma wani littafi da shi da Clara suka buɗe suna kwafe waƙoƙin sha'irai da suke ganin sun dace da kari. Kotu ta ba su gaskiya a watan Agusta, aka ɗaura aure ranar 12 ga Satumba, 1840, a ƙauyen Schönefeld, kwana ɗaya kafin Clara ta cika shekara 21. Tukuicin da ango ya ba amarya shi ne jerin waƙoƙi 26 mai suna Myrthen, sunan ganyen da amaren Jamus ke ɗaurawa a ka.

A nan ya kamata mu ɗan dakata mu dubi yadda yake aikin, domin nan ne abin ya shafe mu. Schumann ba ya ɗaukar waƙa ɗaya ya wuce, yakan shiga diwani ne kamar edita. Sashen Lyrisches Intermezzo na diwanin Heine yana da gajerun waƙoƙi 65. A ƙarshen watan Mayu na 1840, cikin kwanaki kaɗan, ya zaɓi 20 ya sa musu kari, sa'an nan kafin a buga a 1844 ya cire huɗu, saura 16, ya sa wa jerin suna Dichterliebe, wato soyayyar sha'iri. Da wannan zaɓe da jerawa ya fitar da labari mai farko da ƙarshe daga inda Heine ya bar abin a warwatse: soyayya ta tsiro, aka yaudari masoyi, ya yi ta mafarki, daga ƙarshe ya nemi a kawo ƙaton akwatin gawa a zuba tsofaffin waƙoƙinsa a jefa a teku. Waƙar farko tana maganar tohowar soyayya a watan Mayu, amma Schumann ya ƙi barin kiɗan ya sauka a inda kunne ke jira, ya bar shi a rataye kamar tambayar da ba a amsa ba. Tun ba a je ko'ina ba mai sauraro ya ji a jikinsa cewa abin ba zai ƙare lafiya ba. A wata waƙar kuma ana bikin auren masoyiyar da wani, fiyano na ta kaɗa rawar biki ba ya ko waiwaye, muryar mai rerawa tana bin gefe kamar wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe. A waƙar ƙarshe murya takan yi shiru da ɗaci a bakinta, fiyano kuwa ya ci gaba shi kaɗai na tsawon lokaci, a sanyaye, yana dawo da wani kari daga wata waƙa ta baya. Heine bai rubuta wannan sassauci ba, ƙarin Schumann ne.

Ya yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali a jerin Frauenliebe und Leben. Sha'iri Adelbert von Chamisso ya rubuta waƙoƙi tara da ke bin rayuwar wata mace daga ganin farko zuwa aure da haihuwa da mutuwar miji, ta taran kuwa tana nuna ta ta tsufa tana yi wa jikarta nasiha. Schumann ya yar da ta tara ɗungurungum. Ya tsaya a ta takwas, inda matar ke gaban gawar mijinta, sa'an nan ya sa fiyano ya maimaita karin waƙar farko, ta ranar da ta fara ganinsa, ba tare da murya ba. Mai sauraro da kansa zai cika kalmomin a zuci. Mu a ganinmu ya fi Chamisso gaskiya a nan, don nasihar kaka ta zo ne ta rufe raunin da bai kamata a rufe ba. Amma mu tambayi kanmu, wane marubuci ne a cikinmu zai ji daɗi a yanke masa baitin ƙarshe ba da saninsa ba, ko da yankan ya gyara waƙar? Chamisso ya mutu tun 1838, ba shi da bakin magana. Schumann kuma yakan maimaita kalma inda sha'iri bai maimaita ba, wani lokaci ma ya canza ta.

Ba mamaki da manyan sha'iran ba su cika murna da irin wannan hidima ba. Goethe ya fi son abokinsa Zelter, mai sa kari ɗaya mai sauƙi wanda kowane baiti zai hau ba tare da kiɗa ya danne kalma ba, kuma da aka aika masa waƙoƙin Schubert a 1816 mai da su ya yi ba ko uffan. Schumann ma ya aika wa Heine jerinsa na farko na waƙoƙinsa a birnin Faris, amsa ba ta zo ba. Har yau akwai manazartan da ke cewa Schumann bai kama habaicin Heine ba, wai ya ɗauki zambo ya mai da shi kuka. Ba mu yarda da su gaba ɗaya ba. Habaicin yana nan, sai dai ya tashi daga bakin mai rerawa ya koma hannun mai fiyano, kuma wanda ya karanta kalmomin kawai ba zai same shi ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, a wajen Jamus ɗimbin mutane ta bakin mawaƙa suka fara sanin Heine da Eichendorff, kafin su taɓa ganin diwaninsu.

Akwai wani sha'iri a cikin waɗanda ya fi ɗauka da zai ba mai karatu mamaki, wato Friedrich Rückert. Malamin harsunan Gabas ne, ya san Larabci da Farisanci, kuma a 1826 ya fitar da fassarar Maƙamatul Hariri cikin Jamusanci, littafin nan da almajiran ilmi ke karantawa a zaurukanmu. Schumann ya karanta fassarar, kuma a 1848 ya tsara wani kiɗan fiyano na mutum biyu mai suna Bilder aus Osten, wato hotuna daga Gabas, inda ya bayyana a gabatarwarsa cewa labaran Abu Zaid na Hariri ne suka motsa shi. Daga waƙoƙin soyayya na Rückert ɗin ne kuma shi da Clara suka fitar da jeri na haɗin gwiwa a 1841, waƙoƙi 12, uku nata, suka buga ba tare da nuna wadda kowa ya tsara ba, suka bar masu sharhi suna ta canki-canki.

Bayan 1840 ya juya ga manyan kiɗe-kiɗe, simfoni a 1841, kiɗan ƙananan rukuni a 1842. Iyalin suka koma Dresden a 1844, sa'an nan Düsseldorf a 1850 inda aka ba shi shugabancin makaɗan gari, aikin da bai dace da mutum mai ƙarancin magana irinsa ba, kuma bai yi nasara a cikinsa ba. Ya komo ga waƙoƙin rerawa a 1849, amma na wannan zamani sun fi duhu da ƙarancin ado. A 1850 ya sa wa waƙoƙi shida na Nikolaus Lenau kari, ya ƙara ta bakwai ta makoki don yana zaton sha'irin ya riga ya mutu. Ashe yana raye a gidan masu taɓin hankali kusa da Biyana, kuma labarin mutuwarsa ya iso ne a ranar da aka fara rera waƙoƙin. Jerinsa na ƙarshe, na 1852, an gina shi ne a kan waƙoƙin da ake dangantawa da Sarauniya Mary ta Sikotland. A 1853 wani saurayi ɗan shekara 20 daga Hamburg, Johannes Brahms, ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Schumann ya saurare shi, ya ɗauki alƙalamin da ya ajiye kusan shekara goma, ya rubuta maƙala a tsohuwar mujallarsa yana shelar cewa magaji ya iso.

Ciwon da ya daɗe yana bibiyarsa ya ci ƙarfinsa a farkon 1854. Ya riƙa jin sauti a kunnensa dare da rana. Ranar 27 ga Fabrairu ya fita daga gida ya faɗa Kogin Rhine, masunta suka tsamo shi. Shi da kansa ya nemi a kai shi asibiti, aka kai shi wani na masu taɓin hankali a Endenich kusa da Bonn. Likitoci suka hana Clara ganinsa fiye da shekara biyu, sai kwana biyu kafin ya cika. Ya mutu ranar 29 ga Yuli, 1856, yana da shekara 46. Clara ta rayu har 1896, tana yawon kaɗa ayyukansa a biranen Turai don ciyar da 'ya'yansu, ita ce kuma ta jagoranci buga cikakken tarin kiɗansa.

A shekarar da aka kai shi Endenich aka buga tarin maƙalunsa cikin juzu'i huɗu. Aikin da ke kan teburinsa a makonnin ƙarshe kafin ya faɗa kogi shi ma na littafi ne. Yana bin ɗakunan karatu yana kwafo duk abin da marubuta suka faɗa game da kiɗa, tun daga Girkawan dauri har zuwa Shakespeare da Jean Paul, da niyyar haɗa su a kundi ɗaya da ya sa wa suna Dichtergarten, wato lambun sha'irai. Kundin ya zauna a rubutun hannu, ba a buga shi ba sai a 2007.